Asalin Sunan Buonaparte da Yadda Ya Yaɗu Cikin Ƙasashe

Gabatarwa

Akwai sunayen zuriya a ƙasar Italiya waɗanda masu amsa su ba su ƙidayuwa, kamar su Rossi da Russo da Ferrari da Esposito. Akwai kuma waɗanda masu amsa su kaɗan ne ƙwarai, har mutum ya yi shekara da shekaru a ƙasar bai gamu da ko ɗaya ba. Sunan da za a bincika cikin wannan takarda, watau Buonaparte, ko Bonaparte, yana cikin kashi na biyu. Duk da haka da wuya a sami sunan zuriyar Italiya wanda ya kai shi shahara a duniya, sabo da Napoleon, Sarkin Sarakunan Faransa.

An zaɓi wannan suna ne domin takardun da suka shafe shi suna da yawa, an kuwa tone su an bincike su fiye da na galibin gidaje. Ta haka ana iya bin sawunsa daga gari zuwa gari har wajen shekara ɗari bakwai. Abin da binciken ya ke nunawa shi ne, suna da jini ba lalle su bi hanya ɗaya ba. Suna ɗaya ya kan tsiro a wurare dabam dabam ga mutanen da ba su haɗa kaka ba, jini kuma ya kan ci gaba a ƙarƙashin wani suna. Wanda ya manta da wannan ya kan ƙulla zumuncin da babu shi, kamar yadda aka sha yi wa wannan gida.

1. Yadda sunayen zuriya suka samu a Italiya

Bahaushe ya kan amsa sunan yanka, a haɗa masa da sunan ubansa ko na garinsu ko na sana'arsa, sa'an nan ɗansa ya ɗauki wani dabam. Sunan zuriya irin na Turai ba haka ya ke ba, shi tsayayye ne, ana gadonsa daga uba zuwa ɗa zuwa jika ba ya sākewa.

Rumawan dā suna da suna uku uku. Cikin sunan Gaius Julius Caesar, na fari nasa ne na kansa, na biyu na danginsu, na uku kuwa na reshen gidansu. Amma wannan tsari ya lalace tare da daular, har bayan faɗuwar Rum ta Yamma cikin 476 galibin mutane suka koma amsa suna guda. Sai da birane suka sāke cika, ciniki ya haɓaka, rubuta takardun gado da na bashi ya yawaita, kāna aka ga bukatar abin da zai rarrabe wannan Giovanni da wancan. Manyan gidajen Venezia suna cikin waɗanda suka fara riƙe sunan gado, daga nan al'adar ta bi sauran birane sannu a hankali, ba ta kai ga talakawan ƙauye ba sai bayan ƙarnuka. Cikin 1563 babban taron malaman Katolika da aka yi a garin Trento ya umarci kowane limamin coci ya ajiye littafin da zai riƙa rubuta waɗanda aka yi wa baftisma da waɗanda aka ɗaura wa aure. Waɗannan littattafai suka taimaka ƙwarai wajen kafa sunaye.

Masana, irin su Emidio De Felice wanda ya buga ƙamus na sunayen zuriyar Italiya cikin 1978, sun karkasa sunayen bisa ga tushensu. Waɗansu daga sunan uba suka fito, kamar De Luca, watau ɗan Luka. Waɗansu daga wuri, kamar Romano, mutumin Rum, da Greco, Bagirike. Waɗansu daga sana'a, kamar Ferrari, maƙera. Waɗansu daga kamanni, kamar Rossi, jajaye, da Mancini, bahagwai. Akwai kuma waɗanda a kan raɗa wa 'ya'yan tsintuwa, kamar Esposito a Napoli da Innocenti a Firenze.

2. Ma'anar sunan

Buonaparte ya fito daga wani kashi na sunayen uba wanda ya yawaita a tsakiya da arewacin Italiya cikin ƙarni na 12 da na 13, watau sunayen fatan alheri. Iyaye su kan haɗa kalma biyu na harshen yau da kullum su yi wa jariri addu'a da su. Ga misali Bonaventura, kyakkyawar sa'a. Benvenuto, wanda aka yi maraba da zuwansa. Bonaiuto, kyakkyawan taimako. Diotisalvi, Allah ya tsare ka. Sunan gidan Michelangelo Buonarroti ma daga nan ya ke, ma'anarsa kyakkyawan ƙari.

To, buona ita ce mai kyau, parte kuwa kashi ko rabo. Ashe Buonaparte shi ne kyakkyawan rabo, kusan daidai da abin da Bahaushe ke nufi in ya kira ɗansa Rabo. Da fari sunan mutum ɗaya ne. Da ya haifu sai a riƙa rubuta 'ya'yansa wane ɗan Bonaparte, jikoki kuma su riƙe shi, har ya zama na gidan duka.

Waɗansu sun ce ma'anar ita ce ɓangare nagari, gama parte tana kuma nufin ƙungiya, a lokacin kuwa biranen Italiya sun rabu biyu, masu goyon bayan Paparoma da masu goyon bayan Sarkin Sarakunan Jamus. Amma da ya ke sunan yana tafe ne tare da 'yan'uwansa masu farawa da Bon, waɗanda duk na addu'a ne, fassarar fari ta fi ƙarfi.

Daga wannan akwai abin lura babba. Sunan da aka ciro daga wani ƙaramin ƙauye ya kan nuna tushe guda. Sunan addu'a kuwa kowane uba yana iya raɗa shi, ko'ina ya ke. Kamar yadda ba a cewa Rabo na Kano da Rabo na Damagaram 'yan'uwa ne don sun yi tarayya a suna, haka ba a cewa duk Bonaparte na Italiya kakansu ɗaya sai an ga shaida.

3. Gidaje uku

Tsofaffin takardu sun nuna gidaje masu wannan suna a wurare da dama, amma uku suka fi fitowa fili.

Na fari a Treviso ya ke, arewa da Venezia. Mutanensa suna cikin manyan gari a ƙarni na 13, amma gidan ya ƙare tun kafin ƙarshen ƙarni na 15.

Na biyu a ƙasar Tuskani, a Firenze da San Miniato, wani gari bisa tudu tsakanin Firenze da Pisa. Wannan gida ya fid da malaman coci da masana shari'a da marubuta, yana kuma cikin waɗanda hukumar Tuskani ta san su da asalin girma. Namiji na ƙarshe a reshen San Miniato wani limamin coci ne, Filippo Buonaparte, wanda ya rasu cikin 1799.

Na uku a Sarzana, ƙaramin gari kusa da kogin Magra, a kan iyakar Liguriya da Tuskani. Kakan gidan wani ne mai suna Bonaparte ɗan Gianfaldo, wanda ya yi zamani cikin ƙarni na 13. Sana'ar gidan ita ce ta notaio, watau malamin da hukuma ta yarda ya rubuta takardun ciniki da na gado da na aure, ya sa musu hannu su zama hujja a gaban alƙali. Sun riƙe muƙamai a majalisar gari, sun kuma yi auratayya da gidan Calandrini, dangin Paparoma Nikolas na Biyar, mutumin Sarzana, wanda ya yi mulki daga 1447 zuwa 1455. Daga wannan gida na uku ne Napoleon ya fito, silsilar kuwa tana nan a rubuce daga uba zuwa ɗa.

4. Ƙetarewa zuwa Korsika

Abin da ya fid da sunan daga babban yankin Italiya aikin soja ne. A birnin Jenowa akwai wani banki mai ƙarfi, Bankin San Giorgio, wanda aka kafa cikin 1407. Ƙarfinsa ya kai har hukumar Jenowa ta danƙa masa mulkin tsibirin Korsika daga 1453 zuwa 1562. Cikin 1492 aka kafa sabon garin Ajaccio a gaɓar yamma ta tsibirin, aka zuba masa sojoji da baƙi daga ƙasar Jenowa. Cikin sojojin haya da bankin ya aika a wannan zamani akwai Francesco Buonaparte na Sarzana, wanda a ke yi wa laƙabi il Moro, watau mai duhun fata. Shi da ɗansa Gabriele su ne tushen reshen Korsika.

Zuriyarsu ta zauna a Ajaccio fiye da shekara 250. Ba attajirai ba ne na a zo a gani, amma suna da gonakin inabi da na zaitun, suna aikin shari'a, ana kuma zaɓensu cikin majalisar dattawan gari. Cikin 1682 suka shiga gidan da aka haifi Napoleon a ciki daga baya, wanda aka mai da shi gidan tarihi na ƙasa cikin 1967.

A tsakiyar ƙarni na 18 asali ya zama abin neman abinci. Cikin 1759 mutanen Ajaccio suka nemi gidan Tuskani ya shaida su 'yan'uwa ne, aka kuwa ba su takarda a kan haka. Ba da daɗewa ba takardar ta yi rana. Cikin 1768 Jenowa ta sallama wa Faransa tsibirin, cikin 1769 kuma sojan Faransa suka karya Pasquale Paoli, shugaban masu neman 'yancin Korsika. Sabuwar hukuma ta ce duk gidan da ke da'awar asalin girma ya kawo shaida. Carlo Buonaparte, wanda ya yi karatun shari'a a Pisa, ya kai tasa, aka karɓa cikin 1771. Albarkacin wannan ne ɗansa Napoleone, wanda aka haifa ran 15 ga Agusta 1769, ya sami shiga makarantar soja ta Brienne cikin 1779 bisa kuɗin Sarkin Faransa, gama ba a ba da wannan gurbi sai ga 'ya'yan masu asali waɗanda ba su da wadata. Takardar 1759 yarda ce tsakanin gidaje biyu da kowannensu ke da amfani a ciki. Ba ta ambaci kakan da za a iya tabbatarwa ya haɗa su ba.

5. Harafin da aka yar

An sha faɗi cewa Napoleon ya sāke sunansa daga Italiyanci zuwa Faransanci. Maganar tana bukatar gyara. Kalmar Latin bonus ta zama buono a bakin mutanen Tuskani, domin gajeren wasalin o ya kan zama uo in nauyin kalma ya faɗa kansa. In kuwa aka haɗa kalmar da wata, nauyin ya koma gaba, sai wasalin ya iya zama yadda ya ke. Don haka a ke samun Bonaventura da Buonaventura, Bonaparte da Buonaparte, duk kuwa Italiyanci ne. Malaman da ke rubutu da Latin sun fi rubuta shi ba u. A takardun Ajaccio ana samun duka biyu, amma Carlo ya fi son mai u, irin na Tuskani, inda ya ke jingina asalinsa.

Cikin Yuni 1793 iyalin suka ɓata da Paoli, suka gudu daga Korsika suka sauka Toulon a kudancin Faransa. Ran 9 ga Maris 1796 Napoleon ya auri Joséphine a Faris, a cikin watan nan kuma, sa'ad da ya tafi karɓar jagorancin rundunar da za ta yaƙi Ostiriya a Italiya, ya fara sa hannu Bonaparte. Bai ƙago sabon suna ba, ya zaɓi wanda ya fi sauƙi ga bakin Faransawa daga cikin biyun da ke akwai. A wannan yaƙi ne, cikin 1796, ya ratsa San Miniato ya ziyarci tsohon limamin nan Filippo a kan ɗan'uwa.

Maƙiyansa suka riƙe harafin da ya yar suka mai da shi makami, don su nuna baƙo ne a Faransa. Chateaubriand ya sa Buonaparte a kan ɗan littafin da ya rubuta na sukarsa cikin 1814, Walter Scott kuma haka ya rubuta shi a tarihin da ya buga cikin 1827. Shi kuwa tun 1804, da ya zama Sarkin Sarakuna, ya ajiye sunan zuriyar gaba ɗaya bisa al'adar sarakuna, ya zama Napoleon kurum. Abin lura, mulkinsa ne ya kai littafin rajistar haihuwa na hukuma zuwa arewacin Italiya cikin 1806 da Napoli cikin 1809, ya kuma tilasta wa mutanen Holan da ba su da sunan zuriya su ɗauka cikin 1811. Wanda ya gyara rubutun nasa suna shi ne ya ɗaure na waɗansu.

6. Watsuwa ta hanyar sarauta da kora

Carlo da matarsa Letizia Ramolino sun bar 'ya'ya takwas da suka girma, maza biyar mata uku. Napoleon ya rarraba musu ƙasashe. Yayansa Joseph ya zama Sarkin Napoli cikin 1806, kāna Sarkin Sifen cikin 1808. Louis ya yi sarautar Holan daga 1806 zuwa 1810. Jérôme, autansu, ya yi ta Westfaliya a ƙasar Jamus daga 1807 zuwa 1813. Elisa aka ba ta Lucca, sa'an nan Tuskani cikin 1809. Lucien kaɗai bai sami gadon sarauta daga hannun ɗan'uwansa ba, don ya ƙi sakin matarsa, amma Paparoma ya naɗa shi Yariman Canino cikin 1814.

Da daular ta faɗi, dokar Faransa ta Janairu 1816 ta kori dangin duka daga ƙasar. Galibinsu Italiya suka koma, watau sunan ya komo inda ya fito. Letizia ta zauna a Rum har ta rasu cikin 1836, gidanta kuwa har yanzu ana kiransa Palazzo Bonaparte. Pauline da Caroline da Joseph duk a Firenze suka rasu, Lucien a Viterbo, Louis a Livorno. Napoleon kansa ya rasu a tsibirin Santa Helena ran 5 ga Mayu 1821.

Amurka ta sami rabonta ta hanya biyu. Joseph ya yi shekaru da yawa a Bordentown ta jihar New Jersey kafin ya koma Turai. Jérôme kuwa tun cikin 1803 ya auri Elizabeth Patterson, 'yar wani attajirin Baltimore. Napoleon ya kashe auren, amma an riga an sami ɗa. Jikan Jérôme ta wannan ɗaki, Charles Joseph Bonaparte, ya zama Ministan Sojan Ruwa cikin 1905, kāna Babban Lauyan Gwamnati daga 1906 zuwa 1909 a zamanin Shugaba Theodore Roosevelt. Shi ne ya kafa ƙungiyar masu bincike cikin 1908 wadda ta zama FBI.

Gidan Lucien ya fi karkata ga ilmi. Ɗansa Charles Lucien masanin tsuntsaye ne, har akwai wani tsuntsun bakin teku na Amurka da ke amsa sunansa. Wani ɗan, Louis Lucien, wanda aka haifa a Ingila cikin 1813, masanin harsuna ne, shi ya karkasa karin harshen Bask ya zāna taswirarsu. Wata 'yar Lucien ta auri Thomas Wyse na Waterford cikin 1821, daga nan aka sami sunan Bonaparte-Wyse a ƙasar Ailan. Marie Bonaparte, tattaɓa-kunnen Lucien, ita ce ta taimaki Sigmund Freud ya fita daga Biyana cikin 1938. Har ƙasa ma ta ɗauki sunan: akwai mashigin teku na Joseph Bonaparte a arewacin Ostireliya, wanda masu binciken teku na Faransa suka raɗa wa suna cikin 1803, da tafkin Bonaparte a jihar New York.

7. Yadda rassan suka ƙare

Mai karatu zai zaci gidan da ke da maza biyar, ga dukiya ga sarauta, zai cika ƙasa. Ba haka ta faru ba. Joseph 'ya'ya mata kaɗai ya bari. Ɗan Napoleon na aure ya rasu a Biyana cikin 1832 bai haifu ba. Ɗan Louis ya hau mulkin Faransa da sunan Napoleon na Uku daga 1852 zuwa 1870, ya rasu a Ingila cikin 1873, ɗansa tilo kuma Zulu suka kashe shi a Afirka ta Kudu ran 1 ga Yuni 1879, yana tare da sojan Ingila. Mazan gidan Lucien sun ƙare da Roland, uban Marie, cikin 1924. Reshen Baltimore ya ƙare cikin 1945. Wanda ya rage shi ne na Jérôme ta matarsa ta biyu, Katarina ta Württemberg, su kuwa an fi saninsu da sunan Napoléon.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga masana lissafi. Bienaymé a Faransa cikin 1845, da Galton da Watson a Ingila wajen shekara talatin bayansa, sun yi nazarin yadda sunayen zuriya ke ɓacewa. Muddin ta ɗa namiji kaɗai suna ke bi, ko wane zamani akwai yiwuwar a sami wanda bai haifu ba, ko wanda ya haifi mata zalla, in kuwa masu sunan kaɗan ne, ba wuya igiyar ta tsinke. A Italiya doka ta ci gaba da ba yaro sunan uba kai tsaye har 2022, lokacin da Kotun Tsarin Mulki ta soke wannan ƙa'ida.

Jinin kuwa bai ƙare ba. Napoleon ya sami ɗa cikin 1810 da wata mace 'yar Polan, Marie Walewska, yaron ya amsa sunan mijin uwarsa, Walewski, zuriyarsa kuma tana nan. Ga jini babu suna. A ɗaya gefen akwai José Bonaparte na Ajantina, wanda aka haifa cikin 1928 ya rasu cikin 2020, shahararren mai binciken ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe. Ubansa matuƙin jirgin ruwa ne daga Italiya, ba a kuwa haɗa shi da gidan Ajaccio ba. Ga suna babu jini. Irin hanyarsa ita ce wadda galibin sunayen Italiya suka bi zuwa ƙetare, ta ƙaurar neman abinci, gama tsakanin 1876 da 1915 wajen mutum miliyan 14 suka bar ƙasar.

8. Asalin da aka ƙaga

Da Napoleon ya ɗaukaka, masu neman fada suka yi ta ƙago masa asali. Waɗansu suka ce sunan fassara ce ta Kalomeros, kalmar Girkanci mai ma'ana ɗaya, wai gidan ya zo ne tare da Girkawan da suka sauka Korsika cikin 1676, har suka haɗa shi da sarakunan Rum ta Gabas. Amma Buonaparte sun riga waɗannan Girkawa zama a Ajaccio da fiye da shekara ɗari. Waɗansu suka kai shi tsibirin Mayorka, waɗansu suka jingina shi ga gidan Treviso, waɗansu ga Cadolingi, tsofaffin hakiman Tuskani, bisa ga wata takarda da bincike ya nuna ta jabu ce. Dukansu hanya ɗaya suka bi: a sami suna mai kama da wannan a wani wuri mai daraja, a cike giɓin da zato. Alhali kama da wane ba wane ba ne.

Shi Napoleon bai ɗauki waɗannan da muhimmanci ba. Cikin 1805 jaridar gwamnati, Le Moniteur, ta yi watsi da su, ta nuna cewa gidan ya fara ne daga ranar da ya karɓi mulki cikin Nuwamba 1799. Amma da ubansa bai nemi takardar asali ba, da wuya ɗan ya ga ƙofar Brienne. Akwai kuma wanda ya juya sunan don raha: marubucin nan na Prato, Kurt Erich Suckert, ya raɗa wa kansa Curzio Malaparte, watau mugun rabo.

Kammalawa

In aka taƙaita, sunan ya fara ne a matsayin addu'ar iyaye ga jariri a tsakiya da arewacin Italiya, ya zama na gado a garuruwa dabam dabam, reshe ɗaya ya ƙetare zuwa Korsika ta aikin soja, ya shiga Faransa ta gudun hijira, ya watsu cikin Turai da Amurka ta sarauta da kora da aure, sa'an nan ya yi ta raguwa don rashin 'ya'ya maza.

Ga mai binciken sunaye da salsala, ko a wace ƙasa ya ke aiki, akwai ƙa'ida uku da wannan tarihi ya tabbatar. Ta fari, a fara sanin irin sunan, ko na wuri ne ko na sana'a ko na addu'a, domin shi zai nuna ko tushensa ɗaya ne ko da yawa. Ta biyu, kada bambancin harafi ya raba abin da ke ɗaya, kada kuma kamannin harafi ya haɗa abin da ke dabam. Ta uku, duk takardar asali da aka samu a tambayi wanda ya neme ta, da lokacin da ya neme ta, da abin da ya ke so ya samu da ita. Silsilar Sarzana ta tsaya domin malaman da suka rubuta ta ciniki da gado su ke rubutawa, ba su san za a haifi sarki a gidan ba. Waɗanda aka rubuta bayan an san da sarkin su ne suka rushe.